Jirgin Ƙasa Mai Tsayin Gwiwa

Mu mutanen birnin Katsina a labari muka san jirgin ƙasa. Ya iso Kano a 1911, ya bi ta Funtuwa da Gusau har Ƙauran Namoda a 1929, amma birnin Dikko ya bar shi a gefe, kamar baƙon da ya san ƙofar gida ya ƙi yin sallama. Sai a watan Fabrairun 2021 aka aza harsashin layin dogon da zai taso daga Kano, ya biyo ta Daura da Katsina da Jibiya, ya dire a Maraɗi. Shi ya sa ni da aka haifa a Ƙofar Durbi har furfura ta fito mini ban taɓa ganin jirgi mai cin kwal yana tafiya ba. Ranar da Allah ya nufa zan gan shi, a Ingila na gan shi, kuma bai kai gwiwata tsayi ba.

A watan Yulin 2024 ne. Ɗan ƙanwata ya gama karatu a Kantabure, cikin lardin Kent, ya dage lallai sai kawunsa ya zo ya ga an sa masa hula da alkyabba. Aka yi biki aka watse. Ran Lahadi da hantsi ya ce, "Kawu, shirya in kai ka ka ga tsofaffi suna wasan yara." Na ɗauka shaƙiyanci ne irin nasa. Na zura farar shaddata, na kafa hula, muka fita.

Wani fili ne mai ciyawa a gefen wani ƙaramin gari. An kewaye shi da layin dogo da aka ɗora bisa gajerun ginshiƙai, tazarar ƙarfe da ƙarfe inci 5, ko taƙi bai cika ba. Ina shirin tambayar me ake shanyawa a kai, sai na ji usur, sai ga abu ya ɓullo daga bayan itatuwa yana huci. Kan jirgi ne kore, tagullarsa na walƙiya, tsawonsa bai fi na tunkiya kwance ba. Bayansa wani dattijo ya hau benci mai taya, ya raba ƙafafu kamar mai hawan jaki. Bayan dattijon yara biyar da wata uwa mai jiki. Ya wuce mu da su ko nishi bai yi ba.

Na ce batir ne. Ɗana bai tanka ba, ya bar hancina ya ba ni amsa. Warin kwal da na ƙarfe mai zafi ya doke ni, sai ga ni a maƙerar kakana na wajen uwa, ina ɗan shekara tara, zaune kan buzu ina zuga. Raina kama ka ga gayya: wuta ce ta gaske a cikinsa, da ruwa, da tururi.

Ƙungiya ce ta masu ƙera irin waɗannan jirage don sha'awa, kuma akwai irinta a garuruwa da dama na ƙasar. Abin ya daɗe, don tun 1898 wani mai suna Percival Marshall ya fara buga musu mujallar Model Engineer. Suna da ma'aunin da kowa ke bi: inci 2 da rabi, 3 da rabi, 5, da 7 da kwata, yadda mutum zai saka jirginsa a bayan mota, ya je wani gari ya ɗora a layin wasu, ya zauna daram. Dattijon da ya tare mu ya haura saba'in, hannuwansa baƙi ƙirin da mai. Shekara 11 ya yi yana ƙera nasa a wata 'yar rumfa a bayan gida, noti ɗaya bayan ɗaya. Tukunyar ta jan ƙarfe ce, da azurfa aka liƙe gaɓoɓinta. A raina na naɗa shi Sarkin Maƙera.

Ya ce in durƙusa in ga yadda ake ta da jirgi daga barci. Gawayi ya jiƙa da kananzir, ya dinga zubawa da shebur mai girman cokali ta wata ƙofa da ba ta fi akwatin ashana ba. Ya kifa 'yar fanka a bakin bututun hayaƙi tana jan iska. Da gawayin ya kama, ya fara bin sa da kwal, ƙwaya-ƙwaya kamar wake. Can allurar geji ta motsa. Da ta kai 30 ya cire fanka ya murɗa wani famfo, tururin jirgin ya karɓi aikin jan iskar. A 80 wani bawul da ke bisa tukunya ya fesa tururi sama, na ja da baya ba shiri. Ya yi dariya, ya ce wannan shi ne mai gadi, ranar da ya yi shiru ranar ake gudu. Ruwan da ke ciki a wannan matsi ya wuce digiri 160, kuma kofi ɗaya na ruwa in ya samu sarari ya koma tururi yakan cika kofi fiye da 1,600. Don haka ba a barin kowa ya ɗauki jama'a sai da takardar shaidar an gwada tukunyarsa: a cika ta da ruwan sanyi, a matsa da famfo har ya zarce abin da za ta ɗauka a bakin aiki, a duba ko za ta yi gumi.

Ga yadda cikinsa yake. A baya akwai ɗakin wuta, faɗinsa kamar tafin hannu, ruwa ya kewaye shi ta sama da gefe. Daga nan sirarran bututai sha wani abu, kowanne kaurin ƙaramin yatsa, sun ratsa tukunya sun ɓullo a wani zaure da ke gaba, ƙarƙashin bututun hayaƙi. Zafi na bi ta cikinsu yana tafasa ruwa. Tururi ya gangara silinda biyu ya tura fistin, fistin ya tura sanda, sanda ta juya ƙafa. Hikimar tana ga tururin da ya gama aiki. Ba a zubar da shi a banza. Ana harba shi sama ta wani tsukakken baki da ke daidai tsakiyar bututun hayaƙi, yana fita yana kwashe iskar zauren tare da shi. Zaure ya zama wayam, dole sabuwar iska ta shigo, ba ta kuwa da hanya sai ta ƙarƙashin garwashi. Wato jirgin shi yake yi wa kansa zuga. Iya nauyin da ya ja, iya yadda wutarsa za ta ruru. Ni da kafaɗuna suka sha wuya a gaban zugazugi, da na gane wannan sai na ji kamar an daɗe ana cutata.

A zagaye na huɗu jirgin Sarkin Maƙera ya gaza. Daga nesa muka ji hucinsa na raguwa, ya ja jiki ya ja jiki, ya tsaya a wani ɗan hawa da yara a bayansa. Allura ta sauko daga 80 zuwa 35. Aka sauke yaran, aka turo shi da hannu zuwa wurin gyara.

Ashe ɗan Adam ko'ina ɗan Adam ne. Nan da nan tsofaffi suka kewaye shi, hannuwa a baya, kowa da fatawarsa, kuma duk fatawar ta tsaya kan abu ɗaya: kwal ne. Suna da hujja. Shekara da shekaru kwal ɗin Wales suke ƙonawa, mai zafi, maras hayaƙi sosai, amma babbar mahaƙar da ke ba su, Ffos-y-fran kusa da Merthyr Tydfil, an rufe ta a ƙarshen 2023, tun daga nan kowa sai gwajin abin da ya samu. Ni ma na sa baki na ce kwal ne. Haka muke a gida: mota ta tsaya a titi, kafin a ɗaga bonet an riga an yanke hukunci cewa mai ne aka gauraya.

Sarkin Maƙera bai musa wa kowa ba. Ya ce kwal ɗin da ya ƙona da safe shi ne a bokiti yanzu, da safe kuwa lafiya lau. Me ya canza tsakanin hantsi da azahar? Ruwa ba ya tsami banza.

Da ruwa ya fara, ba don yana zarginsa ba. Akwai wani siririn gilashi a gaban direba da ke nuna inda ruwan tukunya ya tsaya. Ya buɗe famfon ƙasansa, ruwan ya ɓace, ya rufe, ruwan ya dawo da sauri yana rawa. Ya ce in ya dawo a hankali, ko ya tsaya cak kamar an zana shi, to hanyarsa ta toshe, gilashin ƙarya yake yi. Ƙaryar gilashi kuwa ita ce babbar masifa, don in ruwa ya sauka ya bar rufin ɗakin wuta tsirara, jan ƙarfe zai yi laushi da matsi a kansa. Maganinta ɗaya ne, a zare ƙusar da ke riƙe da ragar wuta, garwashi ya zube ƙasa.

Sannan wuta. Ya leƙa, ya ga ta yi ja maimakon haske mai kashe ido. Ya sa wani ɗan ƙugiya ya tona, ya zaro wani dunƙule mai ƙyalli kamar gurjiya. Kafin ya buɗe baki na riga shi: kashin maƙera! Toka ce ta narke ta daskare a kan raga tana hana iska wucewa. Na sha share irinsa da hannuna. Masu fatawar kwal suka gyara tsayuwa, an zo wurinsu. Shi kuwa ya juya dunƙulen a tafinsa ya ce ya yi ƙanƙanta da wannan laifi. Ya duba tiren toka, bai cika ba. Ya buɗe ƙofar zauren gaba, ya haska bututai, ba wanda ya toshe, ya bi su da buroshi tun da asuba. Ya duba tsukakken bakin nan, yana nan a saitinsa bai karkace ba. Ya mai da ƙofa ya ɗaure.

Sai ya kunna wani ɗan guntun kyandir. Ya buɗe famfon jan iska, ya dinga bin zauren da harshen wutar ta waje, gefe-gefe, a hankali kamar mai neman ƙaya a ƙafar yaro. Kewayen ƙofa, wuta ta tsaya ƙyam. Da ya sunkuya ƙasa, inda wani bututu ya huda ya shiga zauren, sai harshen ya kwanta ya miƙe kamar ana tsotsarsa. Abin da aka liƙe wurin da shi ne ya bushe ya tsage, tsagar ko tsinken sakace ba zai shiga ba. Iska ta samu yanke, ta daina wahalar bi ta cikin garwashi.

Na ce wa ɗana, "Gaya masa zugazuginsa ne ya huje." Na manta ma ina jin Turancin. Kakana in wuta ta ƙi ci duk da zugar da ake yi, ba ya zagin mai gawayi; yakan jiƙa bayan hannunsa ya bi fatar yana jin inda sanyi ke fitowa. Da na kwatanta wa dattijon, sai ya ajiye kyandir ya sa ni na maimaita, ya tambayi fatar wace dabba ce, da me ake ɗinke ta. Ya shafa wani abin liƙi a tsagar, ya gyara wuta, kafin mu gama shan shayi allura ta koma 80.

Ya ce abin da ya sa ƙaramin jirgi ya fi babba tsiwa shi ne, ƙarfe kaɗai ake iya ragewa. Ka rage ƙafa da tukunya kashi goma sha ɗaya ko sha biyu, amma ɗigon ruwa yana nan a girmansa, ƙwayar toka ma haka. Hudar da babban kan jirgi ba zai san da ita ba, ƙarami kashe shi take yi. Shekaru ɗari da suka wuce masana da yawa ba su yarda jirgi ƙanƙane zai iya cin kwal har ya ja mutum ba, da barasar fitila ake hura su. Wani maƙeri marubuci da ya yi suna da haruffa LBSC, wanda ya rasu a 1967, shi ya ƙaryata su a farkon shekarun 1920 da wani jirgi na layin inci 2 da rabi, ya hau bayansa ya ja shi. Sunan jirgin Ayesha. Na ce ya sake faɗa. Ya sake. Na ce ai ƙanwata ce, uwar wannan yaron.

Ba a jima ba wani jirgin ya kawo nasa ƙorafin. Wannan injektarsa ce ta ƙi sha. Ba irin ta motar dizal ba ce, wata 'yar tagulla ce da ba ta kai babban yatsa ba, ba abin da ke motsi a cikinta, kuma har yau in na tuna aikinta sai na girgiza kai. Wani Bafaranshe, Henri Giffard, ya ƙirƙiro ta a 1858. Tururi ne ke fitowa daga tukunya, ya ratsa wasu mazurarai masu bakin allura, ya haɗu da ruwan sanyi ya narke a cikinsa, ya ba shi gudu, gudun nan ya koma ƙarfi, ruwan ya banke bawul ya shiga tukunyar da tururin ya fito. Kamar a ce yaron gida ya fita ya dawo ya ture ƙofar da maigida ke danne da ita. Sharaɗinta ɗaya, ruwan ya zama mai sanyi. Wannan jirgin kuwa tankunansa na manne da haƙarƙarin tukunya, ga rana, ruwa ya yi ɗumi, sai tofar da shi take yi ƙasa. Mai shi ya kwarara mata ruwan sanyi a ka, ya sake ruwan tanki, ta kama da wani siririn kuka kamar na tsuntsu. Da ta sake ƙi, in ji shi, da iska zai zarga a gaɓar tiyo, in ba ita ba ce to farin ɓawon nan ne da ke kwantawa a butar mai shayi. Ƙasar Kent alli ce, ruwan famfonsu cike yake da shi, shi ya sa suke tara ruwan sama a ganga, injektar kuma a tsoma ta a ruwan tsami lokaci-lokaci.

Na lura da wani abu da ya ɗan sosa mini rai. Duk yinin nan ban ga an cire wani abu an yar an sa sabo ba. Ba don rowa ba. Babu shagon da za a saya, in ka ce canji to kai za ka koma rumfa ka yi mako kana ƙerawa. Dole ce ta koya musu bin laifi har gidansa. Mu da kasuwar kayan gyara ke kusa, sau nawa aka sa ka sayi fulogi, ka sayi kafireto, ka sayi kwayil, daga ƙarshe a gano waya ce ta kwance? Amma kada in zalunci namu. Waɗannan tsofaffi na da fansho da ke zuwa kan kari da lantarkin da ba ya ƙiftawa. Mai gyaranmu da mutum biyar a kansa, kowa na cewa sauri yake yi.

Sarkin Maƙera ya ce rabin aikin da kunne ake yi. Jirgi mai silinda biyu huci huɗu yake yi a kowane juyi na ƙafa, kuma ya kamata su zo daidai wa daida. In ɗaya ya fi sauran ƙarfi ko ya makara, saitin bawul ya goce. In akwai tsaki mai ɗorewa tsakanin huci da huci, tururi na satar hanya ta gefen fistin. In ƙarfe na ƙara kamar ƙyauren da ya bushe, mai ya daina isa silinda, a tsaya nan take. Ya ce nasa ma yana da 'yar tangarɗa a huci ɗaya, ya bar ta sai sanyi ya shigo an daina fita. Na kasa kunne iya kasawata. Ni dai shu-shu-shu-shu kawai nake ji.

Da la'asar ya ce sai na tuƙa. Ya zaunar da ni gaba, shi a bayana, ɗana na ɗauka da waya. Tsoron gilashin nan bai sake ni ba, sai na bar injekta tana zuba har ruwa ya cika taf. Sannan na fizgi hannun da ke sakin tururi, linzamin ke nan, kamar mai sukuwa. Ƙafafu suka hau juyawa wuri ɗaya kamar mota a yashin rafi. Tukunyar da ta cika ta yi amai, ruwa ya bi tururi cikin silinda, ya wanko kunkunniyar zaure, ya fito ta bututun hayaƙi ya sauko mini a ka. Dattijon ya miƙo hannu ta ƙarƙashin hammatata ya rufe linzami, ya buɗe wasu 'yan famfuna da ke ƙasan silinda. Ya ce ruwa ba ya matsuwa, in fistin ya same shi a lungu, murfin silinda ne zai ba da hanya. Ya ce in sake, a hankali, kamar mai buɗe ƙofar ɗakin da jariri ke barci. Na sake. Jirgin ya tashi. Zagaye biyu na yi, shaddata ta koma kamar ƙwan zabo, yara na ɗaga mini hannu.

Kwana biyu bayan haka muka je bakin teku muka hau yayan waɗannan jirage, na layin Romney, Hythe da Dymchurch. Faɗinsa inci 15, tsawonsa mil 13 da rabi daga Hythe zuwa Dungeness, an buɗe shi a 1927 da kuɗin wani attajiri mai tseren mota, Kyaftin Howey. Kawunan jiragen kashi ɗaya cikin uku ne na manya, wasunsu tun 1925 aka ƙera su. Akwai tasha da tikiti da jadawali, ya yi shekaru yana kai yara makaranta, a Yaƙin Duniya na Biyu har sulke da bindiga sojoji suka ɗora masa. Ya burge ni, amma hankalina na can wurin kyandir.

Da na dawo, a unguwarmu akwai wani mai gyaran janareta da injin ban ruwa da nake zama a rumfarsa da yamma. Bai yi boko ba, bai taɓa wuce Kaduna ba. Na ba shi labari, ya saurara yana wanke kafireto a gwangwanin fetur. Da na zo kan ruwa da wuta da iska ya ce, "Alhaji, ai mu ma uku ne: mai, iska, fulogi." Na miƙa masa waya ya ga ni a bayan jirgi. Ya yi dariyar shaddar har da hawaye. Sannan ya ce in mayar baya. Ya goge hannu a wando, ya ƙure murya, ya kanga wayar a kunne maimakon ido, ya runtse.

"Alhaji, wannan injin yana ɗingishi," in ji shi. "Ji nan. Ɗaya, biyu, uku, na huɗun yana makara."

Na karɓi wayar na sa a kunnena. Shu-shu-shu-shu. Ya ce in ba shi lambar tsohon.